Talatar da Dooshima ta zo ofis

Har yau ba na mantawa da ranar da Dooshima ta shigo ofishina ba sallama, alhali ba ranar zuwanta ba ce. 'Yan shekaru ke nan da aka ba mu jiha, ina ƙaramar jami'ar jin daɗin jama'a a wani gidan marayu a Lafia.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kowane yaro da fayil ɗinsa. Idan wani abu ya taso, jami'a ta rubuta rahoto, shugabar gida ta sa hannu, a kira yaron gaban kwamiti. Kan maganar ciki kuwa, nas ce ke zuwa duk wata ta yi wa 'yan matan lacca. Su sunkuyar da kai har ta gama. Duk da haka a shekara guda yara biyu suka yi ciki.

Dooshima 'yar Tibi ce daga wajen Agyaragu, a gidan marayun ta girma. Tana da shekara sha shida ta haihu, aka mayar da ita wurin gwaggonta. Lokacin da abin nan ya faru ta kai sha tara, tana koyon ɗinki a kasuwa. Na je wurin shugabarmu, wadda muke kira Madam, na roƙa a bar ta ta riƙa zama da yaran duk Asabar.

Madam ta cire tabarau ta ce, "Wadda muka sallama saboda ciki? Me za ta koya musu?"

Na ce, "Ma, mu ba sa yi mana magana. Ita za su yi mata."

Ta ba mu wata uku na gwaji. Dooshima ba ta lacca. Kitso take musu a gindin mangwaro, ana hira, ta faɗa musu yadda nata ya faro da kyautar sabulu, da yadda mutumin ya ce bai san ta ba. Muka yi sharaɗi: abin da aka faɗa mata sirri ne, sai idan yarinya na cikin haɗari.

A ranar Talatar nan ta tsaya gaban teburina. Ta ce, "Anti, na rantse ma yarinyan ba zan faɗa ba. Amma ba zan iya riƙe shi ba."

Hajara take nufi, 'yar shekara sha huɗu, marainiya daga wata ruga ta wajen Adogi. Wani mai kemis a hanyar makarantarsu ya daɗe yana ba ta man shafawa da biskit. Ya ce ranar Alhamis, in an tashi, ta biyo ta ga ɗakin da ya kama mata.

Na jawo takardar rahoto. Dooshima ta dafe ta.

"Anti, in kin kira yarinyan kwamiti yau, ba wanda zai sake faɗa mini komai. Ki bari in koma in gaya masa da bakina cewa na faɗa miki. Da ƙafansa zai zo."

Doka ta ce in rubuta nan take. Da wani abu ya faru, ni za a tuhuma, kuma da gaskiya. Na shiga na sanar da Madam da baki. Ta ce, "Zuwa ƙarfe huɗu. Kada yarinyar ta fita get."

Huɗu saura kaɗan suka shigo. Idanun Hajara sun yi ja, ta ƙi kallon Dooshima.

Ta ce, "Anti, Yaya ta ci amanata."

Na ce, "Ta faɗa mini, haka ne. Ke me kike so ki faɗa mini?"

Ta yi kuka sosai, sannan ta ce, "Ya ce zai aure ni. Ya ce a nan ba ni da kowa."

Dooshima ta ce a hankali, "Haka nawa ya ce."

Muka rubuta rahoton tare, na karanta mata kafin a sa hannu. Madam ta kai wa 'yan sanda da mai unguwa. Kafin su je mutumin ya rufe shago ya bar gari, ba a kama shi ba. Wannan yana damuna har gobe.

Wata biyu Hajara ba ta gaishe da Dooshima ba. Na zaci shirin ya mutu. Sai ga shi sauran yaran sun ƙara yawa a gindin mangwaro, domin sun ga ba ta yi a ɓoye ba. Hajara ta gama sakandare. Ba duka muka tsare ba, a shekara ta gaba wata ta yi ciki. Amma ita ba mu sallame ta ba.

Ku da kuka fara aikin yanzu, ga abin da na koya. Mu muke da fayil da hatimi, amma yarinya ba ta kai tsoronta ofis. Wadda ta girme ta da kaɗan, ta taɓa shiga halin, ita take kai wa. Ku nemo irinsu, ku tsaya musu, domin abin da suke ɗauka yana da nauyi. Dooshima ta yarda yarinyar da take ƙauna ta tsane ta, in dai za ta tsira. Ba a taɓa ba ta matsayi a gidan ba, amma ban yi aiki da wadda ta fi ta ba.