Ranar da Iya Ta Sauya Ƙarshen Tatsuniyar Masunci

Gidanmu na farko a ƙasar waje, a garin Greensboro, ɗaki biyu ne da falo, a hawa na biyu, a bayan Wendover Avenue. A baya akwai 'yar baranda wadda da ƙyar take ɗaukar mutum huɗu, kuma a nan kakata Iya ta kafa mulkinta tun da aka ɗauko ta daga Yauri a tsakiyar shekarun casa'in. Ta ƙi jinin murhun lantarki, ta ce wutar da ba ta hayaƙi ba ta san abinci ba. Sai Baba ya sayo mata ƙaramin murhun gawayi. Kullum bayan magariba takan hura shi, ni da ƙanena Sadiku mu zauna a kan tabarma da rigunan sanyi, ta yi mana tatsuniya da Hausa, mu kuma muna tsoma mata baki da Turanci tana harararmu.

Iya 'yar masunta ce, matar masunci, kuma Baba ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba. Sai dai ta ce "yaron nan", ko "mai gidan nan" in tana cikin raha. Ina da shekara tara a lokacin, ban taɓa jin sunansa, Haruna, a bakinta ba.

Shi kuwa Baba karatun digiri na uku ya kawo shi, amma jinin masunta bai bar shi ya zauna lafiya ba. Da ya gano ana tsayawa a bakin teku a jefa fatsa bayan inda igiyar ruwa ke fashewa, shi ke nan. Ya sayi doguwar sanda wadda ta fi shi tsawo, da dalmar da ke nitsar da fatsa, da wandon roba mai haɗe da takalmi da ke kaiwa har ƙirji. Tafiyar kusan awa huɗu ce a mota. Sau ɗaya ya tafi da mu duka. Ranar na ga kifi ya kama, Baba ya ajiye sandar, ya naɗe zaren a hannunsa ya ja kamar yadda ake yi a kogin Kwara, Iya ta yi guɗa ta ce haka ubansa yake yi. Amma daga baya ta tsaya ta dubi ruwan sosai. Abin da kawai ta ce shi ne, "Wannan ruwan ba shi da ƙetare."

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta masunci da giwan ruwa. A shekarar yunwa wani masunci ya jefa ƙugiya, ƙaton giwan ruwa ya haɗiye. Ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa, kifin ya fara jan sa da kwalekwalensa. Suka wuce gari bakwai cikin kwana bakwai. A kowane gari mutane na tsaye a gaɓa suna ihu ya saki, shi kuwa ya ƙi. A rana ta bakwai kifin ya gaji, ya jawo shi tudu, gari ya ci ya ƙoshi. Iya takan rufe da cewa ɗan gidanmu in ya riƙe igiya ba ya saki, kuma da wannan ta reni Baba.

Wata Asabar a watan Oktoba Baba ya tafi shi kaɗai tun kafin asuba, don abokin tafiyarsa ya samu aiki. Ya ce zai dawo mu yi magariba tare, a hura gawayi a jira kifi. Da la'asar talabijin ta fara nuna teku ta yi fari fat da kumfa, wai akwai guguwa can nesa a tsakiyar ruwa tana turo manyan igiyoyi. Mama ta ƙara sauti, ta kashe, ta sake kunnawa.

Magariba ta yi, ta wuce. Iya ta hura gawayi kamar yadda aka ce. Mama ta tsaya jikin wayar bango tana kiran duk wanda ta sani, ko wani ya san bakin ruwan da ya nufa. Babu wanda ya sani.

"Hajiya, weather ɗin nan ba kyau," in ji Mama daga ƙofar baranda. "Sun ce kada kowa ya shiga ruwa. Kin san halinsa."

"Na sani," Iya ta ce. "Ni na haife shi. Je ki zauna, kina tsorata yaran."

Mama ba ta zauna ba. Ni kuma na ga Iya ta ƙara gawayi sau biyu alhali babu abin da ake gasawa. Duk motar da ta shigo farfajiya sai mu leƙa ta tsakanin ƙarafan baranda, sai ta wuce.

Sadiku ne ya ce a yi mana ta masunci. Na so in make shi. Iya ta tona garwashin, sannan ta ce, "To, ga tawa nan ta iso bakin ƙofa."

"A buɗe mata," muka amsa, murya ƙasa-ƙasa.

Ta fara kamar kullum, amma babu waƙar da take yi wa kifin, babu kwaikwayon muryar mutanen gari. Gari na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ta ce igiyar ta ci fatar hannun masuncin har jini na ɗiga cikin ruwa, abin da ba ta taɓa faɗa ba. A gari na shida ta tsaya ta juya kunne wajen titi. Wata mota ce ta maƙwabta. Ta ci gaba.

"Da suka zo gari na bakwai, sai ga kogi ya buɗe. Babu gaɓa a dama, babu a hagu. Kifin bai gaji ba. Can a kan yashi na ƙarshe uwar masuncin na tsaye."

"Ba shi da uwa a ciki," in ji Sadiku da Turanci. "Kifin ne yake gajiya."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta miƙe zaune, hannunta ɗaya a sama kamar mai kiran wani daga nesa.

"Ta ce da shi, yunwa ba ta kashe mu bara ba, ba za ta kashe mu bana ba. Ta ce ƙarya na yi maka, ba kowane ruwa ake riƙewa ba. Saki! Saki, Haruna! Haruna, yanke ta!"

Mama, da ke tsaye a bayanmu da kan waya a hannu, ta mayar da shi a hankali ta jingina da bango. Iya ta sauke hannunta, ta gyara mayafi, ta ce masuncin ya yanke igiya ya koma gida hannu rabbana, aka yi masa dariya kwana biyu aka manta. "Nan ta tsaya, nan na tsaya," ta ce. Sadiku ya ce wannan ba ta da daɗi.

Ba a yi minti goma ba wayar ta yi ƙara. Baba ne daga wani gidan mai a hanya. Ya ce sau biyar yana kira layin a cike, wa Mama take ta hira da shi haka? Mama ta fashe da kuka tana yi masa faɗa a lokaci guda.

Ya iso bayan isha'i, babu sanda, babu wandon roba, kular zuba kifi wayam, hannun dama naɗe da bandeji. Abin naɗe zare na jikin sandar ne ya cije a daidai lokacin da wani babban abu ya kama, sai ya naɗe zaren a hannu. Abin ya ja shi har ruwa ya kai ƙirji, igiyar ruwa ta buge shi, wandon ya cika da ruwa ya yi nauyi. Da wuƙar da ke rataye a wuyansa, wadda yake yanka jatan landen sa wa fatsa da ita, ya yanke zaren. Ɗinki takwas aka yi masa a asibiti, inda zaren ya yanke masa hannu. Ya durƙusa gaban Iya kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, na saki." Ta ce, "Yaron nan, je ka ci tuwo." Daga nan ta zuba ruwa a kan garwashin.

Na daɗe ina ɗaukan abin a matsayin darasin kiyaye teku. Sai da na haifi nawa na gane irin nauyin da ke kan mutumin da ya koya wa ɗansa abu da zuciya ɗaya, sannan ya zauna yana jiran ya ji ko abin ne ya kashe shi.

Iya ta rasu a Yauri shekaru bayan haka. Ranar da muka yi zaman makoki a gidan Baba a McLeansville, bayan mutane sun watse, na gan shi yana shafa tabon hannunsa. Na tambaye shi me ya sa ya daɗe bai yanke ba. Ya ce yana cikin ruwan yana tunanin da wane ido zai dubi Iya. Sai na ba shi labarin abin da ya faru a baranda. Ashe Mama ba ta taɓa gaya masa ba.

"Sunana?" ya ce. "Da bakinta?"

Na ce e.

Sannan ya ce, "Sau nawa?"

"Sau biyu, Baba."

Ya ce in sake faɗa masa yadda ta faɗa, kada in rage komai.