Tablet ɗin da Babana yake kira allo

Shekarun baya, lokacin da na samu aikina na farko a wani ofishin masu hidimar Umara da ke unguwar Shisha a Makka, mudir ɗinmu, wato manaja, ya ce min sai na nemi laftof, domin wani lokaci daga gida zan riƙa shirya sunayen baƙi da ɗakunansu da motocin da za su kwaso su daga tashar Kudai. Na ce masa "Tayyib," wato to, kamar mai guda uku a gida. Ko ɗaya ba ni da ita.

Yayana ne ya raka ni shago. Duk laftof ɗin da na ɗora wa ido sai in tarar ta fi ƙarfin aljihuna. Da mai shagon ya lura, sai ya ɗauko wata tablet mai arha da kibod ɗinta da ake maƙalawa a cire. Ya maƙala ta yi ƙas, ya cire, ya sake maƙalawa. Ya ce ai wannan biyu ce a ɗaya.

Yayana ya ja ni gefe ya ce, "Ki yi haƙuri zuwa wata biyu ki sayi ta gaske. Wannan ba za ta ɗauki aikin ofis ba."

Ban ji ba. Gaskiyar magana, ƙarar maƙalewar nan ce ta tafi da ni.

Mako guda ya isa in gane yayana ya fi ni gaskiya. A kan tebur tana zama lafiya, amma da na ɗora ta a cinya sai ta kife ta baya. Kibod ɗin ƙanƙane ne, in nufi harafi ɗaya in danna biyu. Idan na buɗe jadawalin ofis, layukan sai su hau juna, kuma da na buɗe abu na biyu sai ta tsaya tana tunani. Ranar da ta sa na tura wa direba sunayen wani otal daban, baƙi suka yi ta jira cikin rana a Kudai, ranar na haƙura. Na koma ƙarasa aikina a kwamfutar ofis bayan an tashi, ita kuma na ajiye ta a kan firij da niyyar sayarwa. Ban faɗa wa yayana ba, shi ma ya yi min karamci bai tambaya ba.

A lokacin mahaifina yana kwance a gidanmu na unguwar Hindawiyya, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa da ido. Shi ba a Makka aka haife shi ba. Yana ɗan shekara goma ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina tare da kakanmu, suka zo aikin Hajji, Allah ya yi zamansu a nan. Sun baro ƙanwarsa wurin kakarsu saboda ta yi ƙanƙanta da hanya. Daga baya sha'anin takardu ya hana shi komawa, sai ɗawainiyarmu, sai ciwo. Suna gaisawa da gwaggon tawa ta waya lokacin salla, gaisuwa gajera. Idan aka ce a yi masa kiran bidiyo sai ya ƙi, ya ce shi a wayar nan inuwa kawai yake gani.

Wata la'asar ya ce min, "Ya binti, 'yata, wannan allon naki da ke kan firij, ya mutu ne?"

Na ce bai mutu ba, aiki ne ba ya yi.

"Kawo shi mu gani."

Na cire kibod ɗin na miƙa masa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya jingina ta a ƙirji yadda ake riƙe allon karatu, ya ce ba ta da nauyi. Sai ya tambaye ni ko ana ganin garuruwa a ciki. Na buɗe taswira, muka yi ta laluben ƙauyensu ina ƙara girman hoton, har muka kai wani ɗan tabo mai itatuwa a gefen hanya. Ya kawo fuskarsa daf da gilashin, ya daɗe.

"Akwai rijiya ta gabas," in ji shi. "Ban gan ta ba."

Washegari da na dawo daga aiki na tarar ya sa mahaifiyata ta jona ta a caji. Ya ce in maƙala kibod, yana so in rubuta wa ƙanwarsa takarda. Na ce ai sai mu kira ta. Ya girgiza kai, ya ce abin da zai faɗa ba na waya ba ne, in ya ji muryarta ba zai iya ba.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar in jawo ɗan teburin shayi kusa da gadonsa, yana faɗa ina rubutawa. A nan asirina ya tonu. Ni a Makka aka haife ni, Larabci ya fi zama a bakina, Hausata ta aike da cin abinci ce. Kibod ɗin ma babu haruffa masu lanƙwasa. Idan na karanta masa abin da na rubuta sai ya dafe kai.

"Ƙasa na ce, ba kasa ba. Kasa maciji ce. Ki ce na yi kewar ƙasa, kada ki sa ta ɗauka maciji nake nema."

Mahaifiyata tana daga kicin tana dariya. Wani lokaci kibod ɗin ya yanke a tsakiyar jimla, in cire in hura in mayar, shi kuma ya jira da haƙuri, ya ce gara ma, ya samu ya tuna abin da ke gaba. Ya ba da labarin hanya, da motar da ta lalace musu kwana da kwanaki, da ranar da ya fara ganin teku ya ɓuya a bayan kakanmu. Duk a gida ɗaya muka rayu, amma ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Sai a mako na uku ya iso inda yake nufi. Ranar da za su taso, ƙanwarsa ta riƙe masa riga tana kuka, ta ƙi saki. Don ta sake shi sai ya ce mata, "Gobe zan dawo." Ta yarda, ta saki.

Ya ce, "Rubuta mata cewa na san ƙarya nake yi. Ban manta ba ko kwana ɗaya."

Na rubuta. Na danna haruffa biyu biyu, na goge na sake.

Na tura takardar ta wayar 'yar gwaggon, wadda take aikin jinya a cikin Katsina. Ta kai mata ƙauye ranar hutunta ta karanta mata. Bayan kwana biyu ta aiko min saƙo cewa Gwaggo ta ce ba ta da amsar rubutawa, fuskarsa take so ta gani.

Ranar Juma'a Baba ya sa aka yi masa aski, ya sa farar jallabiya da hula. Kiran ya yanke sau biyu. A na uku hoton ya tsaya, ga wata tsohuwa da ɗankwali ruwan ƙasa ta cika gilashin. Na cire kibod, na riƙe masa tablet ɗin kusa da ido. Suka yi ta kallon juna, har na ɗauka ya sake yankewa.

Ita ce ta fara. "Yaya, ka tsufa."

"Ke ma ai ba a bar ki ba," in ji shi. Sai ya ƙara da cewa, "Na ce miki gobe."

"Ka ce. Na yi ta zama a bakin hanya har kaka ta gaji da korata. Daga baya na daina fushi, Yaya. Kai ma yaro ne."

Baba ya sa bayan hannu ya rufe idonsa. Hannuna ya gaji, tablet ɗin ta yi zafi kamar yadda ta saba, amma ban sauke ba sai da cajin ya ƙare.

Sun yi Juma'o'i da yawa bayan wannan, suna musu a kan sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Kafin azumin shekarar ya zagayo Allah ya karɓi abinsa, muka yi masa salla a Harami.

Yanzu ina da laftof mai kyau. Idan wata ta tambaye ni ko irin tablet ɗin nan za ta tsaya mata a madadin laftof, nakan faɗa mata gaskiya: in aikin ofis ne, ta ƙara haƙuri ta sayi ta gaske. Sai dai ni ban taɓa iya cewa na yi asara ba. Da na bi shawarar yayana, da aikina ya tafi daidai, da na shige ɗaki da kwamfutata na rufe ƙofa, Baba kuma ya tafi da maganarsa a ciki.

Har yau idan aka idar da la'asar nakan ji kamar akwai inda ya kamata in zauna. Gwaggo tana nan da ranta, ni nake kiranta duk Juma'a. Ba ta taɓa ajiye waya ba tare da ta tambaye ni yaushe zan zo in ga garin ubana ba. Ina ta shirin takardu, ina fata bana. Amma ban taɓa yanka mata rana ba. Nakan ce mata, "Gwaggo, sai na riƙe tikiti a hannuna zan faɗa miki."