Awon Iska a Ranar Kusufi

A shekarun da nake koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke bakin garin Kafanchan, ni ce mai kula da akwatin awon yanayi. Wani farin akwatin katako ne mai ƙafa huɗu a gefen filin ƙwallo, da ma'aunin zafi a ciki. Kullum da safe in buɗe, in duba, in rubuta a littafi. Ba wanda ya taɓa neman ganin littafin.

Wata rana cikin bazara sai ga wata mata ta sauka daga acaɓa, da jaka a kafaɗa da takarda daga jami'arsu. Dakta ce, tana nazarin iska da sararin sama. Ta ce mako mai zuwa za a yi kusufin rana da hantsi. Ita za ta wuce can arewa inda ranar za ta rufe ruf, amma tana so ta bar masu awo a hanya. Ta riga ta sami wani malami a Manchok da wani malamin gona a Gwantu.

Na tambaye ta abin da take nema.

"Kullum a hankali rana take faɗuwa," in ji ta. "Wannan karon kamar a rage fitila ne a sake ƙarowa. Ina so in ga yadda iska za ta yi. Za ta huce nan da nan? Za ta tsaya, ko za ta juya?"

Ta ba ni agogo, da takardu masu layi, da baƙin gilashi irin na masu walda. Ta kafa sanda kusa da akwatin, ta ɗaura mata wata 'yar na'ura mai kofuna uku da ke juyawa idan iska ta buga. Aikina shi ne duk minti biyar in rubuta zafi, in rubuta ƙarfin iska.

Ranar kusufin, shugaban makaranta ya sallami ɗalibai tun da safe, don iyaye sun dame shi. Mahaifiyata, wadda Hausarta ta kasuwa da coci ce, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Rana zai mutu, kai kuma za ka tsaya a fili?" Na ce mata aiki ne. Ta ba ni lema.

Sa'a guda ba abin da ya canja. Sannan hasken ya fara yin ruwan toka, kamar an wanke shi. A ƙarƙashin mangwaro, ɗigon hasken da ke ratsa ganye duk ya koma siffar jinjirin wata. Ma'aunin zafi ya daina hawa, ya soma sauka kaɗan kaɗan. Gumin da ke bayana ya bushe.

Akwai wani dattijo Bafulatani da ke kiwo a fadamar bayan makaranta. Mukan gaisa, ba mu wuce nan ba. Daidai lokacin da duhun ya fi ƙarfi, sai na ji ƙarar kofato. Shanunsa ne suka ɗauka yamma ta yi, suka juya a guje za su koma rugarsu, hanyarsu kuwa ta filin ƙwallo ce. Na maƙale a jikin akwatin. Wata farar saniya ta goga sandar da kafaɗa, na'urar ta faɗi, kofi ɗaya ya lanƙwashe.

Dattijon ya iso yana haki. "Malama, ki yi haƙuri. Ba su ji kirana ba."

"Ba komai, Baffa. Riƙe mini sandar nan."

Ya riƙe, na miƙe kofin da hannu. Muka sake kafawa. Ya ɗaga fuska yana sansana iska.

"Iskar ta mutu ɗazu," ya ce. "Yanzu ta taso daga wajen dutsen Kagoro. Da safe ba daga can take zuwa ba."

Na ba shi gilashin ya duba rana. Ya daɗe yana kallo, ya mayar mini, ya bi shanunsa. Da na ɗaga gilashin ni ma, ranar ta riga ta fara buɗewa.

Layi uku ne babu komai a takardata, minti goma sha biyar, kuma su ne tsakiyar abin. Na san lambar da ke sama da wadda ke ƙasa, cike tsakaninsu ba wuya. Na riƙe biro na ɗan jima. Daga baya na bar wurin fari, na rubuta a gefe cewa saniya ta ka da sanda, na ƙara da abin da dattijon ya faɗa.

Bayan kwana huɗu Dakta ta dawo. Ta karanta a tsaye, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba.

"Ina mutumin?"

Na kai ta rugar. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Ta tambaye shi tsawon lokacin da iskar ta yi a mace. Ya ce kamar a tatsi saniya ɗaya. Ta rubuta haka. Ta ce awon iskar da na yi bayan faɗuwar na'urar ba zai yi mata amfani ba, tunda kofin ya lanƙwashe, amma na zafi ta karɓa.

Sai da shekara ta kewayo ambulan ya iso makaranta daga Dakta. Rubutu ne da Turanci, mai zane da yawa. A zane ɗaya na ga layin zafin Kafanchan yana gangarowa, ya yanke, ya ci gaba daga ƙasa yana hawa. Na je in nuna wa dattijon, na tarar sun tashi tun damina, sun yi wajen Gwantu. Na sa takardar a laburaren makaranta. A zangon da ya biyo baya aka yi mini canjin wurin aiki.