Waƙar da Na Sa wa Lambar Ƙanwata

A shekarar nan akwai wata waƙa da ta cika Daura, daga shagon masu caji har gidajen biki. Ta barkwanci ce: saurayi yana tsokanar budurwarsa wai ta cika rama, in iska ta taso sai ya riƙe mata mayafi kada a tsinto ta a Nijar. Kiɗan akwai daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Ƙanwata da ke bi mini siririya ce tun haihuwa. Ni kuwa Allah ya ba ni jiki ya kuma ba ni baki, ban san wanda ya fi wani girma ba. Sai na sa wa lambarta waƙar nan a wayata, ita kaɗai. Duk lokacin da ta kira, in sha dariyata sannan in ɗauka. Ba ta sani ba.

Ranar sunan 'yar yayanmu, gida maƙil da mata, na rasa wayar. Da bakina na ce wa ƙanwata, "Ke, kira mini ita mana."

Ta kira, waƙar ta tashi daga cikin kwandon kwanuka. Wata 'yar gwaggonmu, mai son a yi, ta ce bari ita ma ta gwada. Nata kiran ƙararrawa ce kawai. Tsakar gida ta kaure da shewa. Ƙanwata ma ta yi dariya, ni kuwa na ce shi ke nan, ashe ba ta ji haushi ba.

Bayan wata biyu ta fara cika. Kumatu suka fito, kowa yana cewa, "Masha Allah, an yi kumari." Har da ni a masu yabon. Sai da ƙafafunta suka kumbura, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, sannan Inna ta tsinci ƙwayoyin nan na sa ƙiba, sha-ka-fashe, a ƙasan akwatinta. A kasuwar Mai'adua take sayowa, don kada wanda ya san mu ya gani.

A asibiti likita ya ce sun haifar mata da hawan jini. Inna ta dube ta ta ce, "Wace 'yar banza ce ta sa miki wannan a kai?"

Ina tsaye riƙe da kwanon kunu. Ƙanwata ta ce, "Ba kowa, Inna." Na yi shiru na bar ta ta rufa mini asiri, kuma har yau kunyar shirun nan nake ji.

Da Inna ta fita alwala, ta tambaye ni a hankali, "Yaya, in na daina sha, komawa zan yi yadda nake?"

Na ce, "Ai da ma can kina da kyau."

Ta dube ni ta ce, "To me ya hana ki faɗa a gaban mutane?"