Abin da Ban Ji a Rediyo Ba

A layin 'yan goro na babbar kasuwar Garwa, ni ake tambaya in duniya ta rikice. Rediyona na rataye a ƙusar rumfa tun ina saurayi, kuma labaran Hausa na safe da na rana ba sa wuce ni. Na san shugaban da aka hamɓarar, na san ƙasar da ke harbin maƙwabciyarta, na san rigimar gwamnonin Najeriya kamar a zaurensu nake kwana, alhali kakanmu ne na ƙarshe a gidanmu da ya ga Kano da idonsa. Teloli da 'yan moto, masu babur ɗin haya, sukan tsaya su ce, “Mai goro, yau me duniya ke ciki?” Ni kuwa in gyara zaman hula in fara zuba. Ina jin daɗin abin ƙwarai.

Da an gama labaran duniya aka ce ga shirin lafiya, sai a kashe rediyo. Haka al'adar layinmu take. Wai batir na da tsada, wai kuma zancen ciki da goyo na mata ne, gara mu koma musu a kan yaƙin da ba a garinmu ake yi ba. Shekara da shekaru hannuna ne ke murɗa makunnin.

Duk wannan taƙamar ina yin ta ne ina binne 'ya'ya. 'Ya ɗaya ta rage mini, kuma ɗan ilimin da na zo na samu a makare, abu guda na so ya yi mini: ya hana ta shan abin da uwarta ta sha.

Uwarta 'yar baffana ce. Mu Hausawan Garwa ba mu da yawa, Fillanci ya kewaye mu ta ko'ina, saboda haka tuwona maina ake yi: ɗan wa ya auri 'yar ƙane, harshe da dukiya su zauna a gida. Haihuwar fari mace ce, lafiyayya. Sai maza uku suka biyo baya, duk hanya ɗaya suka bi. Yaro zai taso ɓul-ɓul har ya fara zama, sai wata rana a ga hannuwa da ƙafafu sun kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ihu. Idanu su yi rawaya. In aka yi ruwa gari ya yi sanyi, mutane na murna, mu a gidanmu gaba ke faɗuwa. Ba abin da ba mu yi ba, rubutu, hayaƙi, sassaƙe, tsaga.

Bayan na biyu ya rasu, gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda maganarta ce doka a cikin gida, ta yanke hukunci: wabi ne. Matata na cikin matan da 'ya'yansu ba sa zama. Ranar sunan na uku har kan juji aka kwantar da shi na ɗan lokaci, wai don abin da ke ɗaukar 'ya'yanta ya ga ba a damu da wannan ba. Shi ya fi jimawa, ya kai shekarun shiga makaranta. Shi ne muka kai asibiti aka ƙara masa jini. Likitan ɗan kudu ne, ya tsaya ya yi mini dogon bayani da Faransanci. Nawa Faransancin na kasuwa ne, gaisuwa da farashi da zagi biyu. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa wi, wi. Da damina ta zagayo yaron ya tafi.

Daga nan mata suka daina miƙa wa matata jariri a gidan suna. Ba wanda ya faɗa mata dalili, ta dai ga ana tsallake ta. Ta daina zuwa. Da ciwon ajalinta ya zo, ta kama bakin rigata ta ce, “Ka yafe mini, ban riƙe maka namiji ko ɗaya ba.”

Na ce, “Na yafe.” Har na ji a raina na yi halin girma.

'Yata tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a lokacin. Uwarta ce ta nace aka sa ta boko, ni ban hana ba, ban kuma taɓa tambayar me ake koya musu ba. 'Yar fari ce, akwai kunya tsakaninmu, ko sunanta ba na kamawa. Wata rana ta kawo mini abinci rumfa, maimakon ta ajiye ta juya kamar kullum, sai ta durƙusa ta ce, “Baba, ka ba ni goro biyu, fari da ja.”

Na ba ta. Ta ɓara su, ta haɗa farin ɓari da jan ɓari ta ajiye a dama, ta haɗa sauran biyun ta ajiye a hagu.

Ta ce, “Wannan kai ne, wannan Inna. Jinin kowane mutum ɓari biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai fari da ja lafiyarsa ƙalau, ba zai ma san yana ɗauke da komai ba. Kowane ciki, kai ka ba da ɓari ɗaya, Inna ta ba da ɗaya.”

Ta ɗauki fari daga dama, fari daga hagu, ta ce lafiya. Fari da ja, lafiya. Ja da fari, lafiya. Sannan ta haɗa ja da ja ta ɗora mini a tafin hannu.

“Waɗannan su ne ƙannena. Sikila ake ce masa, amosanin jini. Mutum ɗaya ba ya kawo shi, Baba. Sai biyu.”

Na tambaye ta a ina ta ji wannan. Ta ce a aji, makon nan, kuma ƙaramar tambaya ce a jarrabawa, kowane ɗan lise ya san ta. Ni mutum ne da zan kalli goro daga nesa in ce maka sankara ta ci cikinsa. Na zauna da jan goro a hannu, ban san abin da ke yawo a jijiyata ba, ga rediyo a saman kaina a kashe. Ban taɓa jin kaina jahili irin na ranar ba. Na tuna “na yafe” ɗin nan, abincin bai ciwu ba.

Muka je aka gwada mu. Ina da jan ɓari. Ita ma tana da shi.

Tun daga nan wata irin yunwa ta kama ni. In har wannan na cikin littafin yara, me kuma ke ciki da ban sani ba? Na ajiye kunyar 'yar fari a gefe. Bayan la'asar in na dawo, sai in sa ta ɗauko tsofaffin littattafanta ta riƙa juya mini da Hausa. Me hanta ke yi? Me ya sa sauro ke kawo zazzaɓi, ƙuda bai kawo ba? Ina ruwan Binuwai ke zuwa in ya wuce gadarmu? Ashe Najeriya yake shiga ya haɗu da wani kogin su tafi teku tare. Na san sunayen gwamnonin can, ban san ruwan da nake wanka da shi yana bi ta ƙofarsu ba. Da ta ce ƙasa ce ke juyawa ba rana ba, sai da muka yi kwanaki muna musu, don mai hali ba ya fasa halinsa.

Ba zan ce abin ya faranta mini rai ba. Kowace amsa sai ta buɗe mini ramuka goma. Mahaifinmu ya ce lekol, makarantar boko, ba ta haifar da komai sai magatakarda, ɗan Bahaushe allo da kasuwa sun ishe shi. Allah ya jiƙansa, abin da ya gani ya faɗa. Amma akwai ranakun da nakan kalli yara masu jaka a baya suna wucewa ta gaban rumfa in ji hassada, ni da furfura. Na daina kashe rediyo in an zo shirin lafiya. Abokan musu suka ce mai goro ya zama ungozoma, suka ɗauke bencinsu suka koma rumfar gaba.

Bayan ta gama lise, wana ya kira ni zaurensa. Shi ne babba a gidan, kuma a wajenmu uba ba ya sa baki a auren 'yarsa, 'ya ta baffanta ce. Ya ce ɗansa na biyu da yarinyar sun daidaita kansu, jibi za a raba goro. Sanar da ni yake yi, ba shawara yake nema ba.

Na ce, “Yaya, alfarma ɗaya nake roƙo. A gwada jinin yaron kafin goro ya fita.”

Ya ce, “A gwada me? Saniya ce za a sayar? Yaron da ke ɗaukar huhun goro shi kaɗai?”

“Ni ma ina ɗauka, Yaya.”

Na ciro goro biyu daga aljihu na ɓara, na jera su a kan tabarma yadda ta nuna mini. Bayanin ya riƙa kufce mini, ga shi ban iya jera magana kamar ta ba. Ya bari na kai ƙarshe. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki jan ɓari ɗaya ya jefa a baki.

Ya ce, “Goro ci ake yi, ba a duba da shi. Rai da mutuwa na Allah ne. Ko wannan ma a rediyo ka ji?”

Na ce ban musa ikon Allah ba, amma hadisi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ya ce in tsaya a matsayina na ƙane. Na sami yaron a keɓe, ya sunkuyar da kai ya ce, “Baffa, in Baba ya yarda.” Ya san ba zai yarda ba.

Na koma wajen wadda ta koya mini, ina tsammanin ita ce za ta tsaya a bayana.

Ta ce, “Baba, ba mu san ko yana da shi ba. In ma yana da shi, hanya uku cikin huɗu lafiya ce.”

Na ce, “Uwarki ma hanya huɗun nan aka ba ta.”

Ta yi kuka. Ta ce tana son sa. Ta ce kuma Gwaggo ta riga ta faɗa mata cewa 'yar mai wabi, in ba na gida ba, wa zai rufa mata asiri? Littattafan nan duka ba su zo kan wannan ba.

Ni na zaɓi goron, don ba wanda ya kai ni ido a gidan. Marsa zalla, manya masu kyau, ba mai sankara ko ɗaya. Aka raba shi gida gida, har aka aika wa dangi na Maruwa. Goro in ya fita, magana ba ta komawa.

Shekara ta zagayo ta haifi namiji. Kaka da jika akwai wasa, sai na fake da shi. Kullum da safe kafin kasuwa in biya gidan wana, in karɓi yaron in ce, “Kawo ɓarawon nan in ga abin da ya sata,” in buɗe ɗan dunƙulen hannunsa ina duba yatsu. Mata na dariya, wai tsoho ya sami abokin faɗa. Ita kaɗai ba ta dariya. Wata ya bi wata, yatsun na nan sirara. Ya fara zama. Har na soma gaya wa kaina ko yaron wana ba shi da jan ɓarin nan, na tayar da hankalin mutane a banza. Da na fi kowa murnar zama abin dariya.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, tun daga ƙofar gida na jiyo kukan. Na san shi. Sau uku na taɓa zama da irinsa a gida ɗaya. Na shiga na tarar mata sun kewaye ta, wata na cewa haƙori ne, wata na cewa kunama. Na kama hannun a hankali. Bayan hannun ya tashi kamar an hura, yatsun sun yi suntum, ga zafi. Na ɗago ido, 'yata na kallona.

Gwaggo, tana zaune a kan kujerarta da sanda, ta ce, “Ai na faɗa. Nonon wabi ta sha.”

Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka haife ni. Na ce, “Gwaggo, babu wabi a gidan nan, ba a kuma taɓa yi ba. Ciwon jini ne, rabi daga 'yata, rabi daga ɗanku. Na 'ya'yana ma rabi nawa ne. Duk wadda ta sake faɗin kalmar nan, ni za ta faɗa wa.”

Wana na tsaye a bakin zaure yana ji. Na ce wa 'yata ta rufe yaron da zane mai kauri, na fita na tare moto biyu.

A asibiti na bar likita ya yi Faransancinsa, amma duk inda ya tsaya sai na sa ta juya mini, in ban gane ba in ce a maimaita. Ban gyaɗa kai ko sau ɗaya ba. Gwaji ya fito yadda muka sani. Aka ce a kiyaye shi daga sanyi da sauro, a yawaita ba shi ruwa, ga magani na kullum, kuma masu irinsa da yawa suna girma in ana kula. Na riƙe wannan da hannu biyu, don shi kaɗai aka ba ni.

Muna zaune a kan benci a baranda, yaron ya gaji da kuka ya yi barci, sai na ji ta kama bakin rigata.

Ta ce, “Baba, ka yafe mini.”

Maganar da na saba ta zo har bakina, na haɗiye ta. Na ce, “Ba ki yi mini komai ba.”

Amsar da ya kamata in ba matata ke nan. Tana cikin littafin 'yan makaranta tun uwarta na da rai.