Baƙin Inna na Cikin Waya

Daga Katsina

Tun kafin ladan ya gyara murya Ramlatu ta buga mini ƙofa. Ɗiyar ƙanwata ce, ita ce kuma likitar danginmu, ko da yake yaƙi ya koro ta daga Yukren kafin ta gama karatun, sai a nan gida take ƙarasawa. Mun shirya za mu kai wa mahaifiyata, Inna, gaisuwa a Farfaru. Na yi salla, na zura babbar rigar da nake ɓoye tumbina a ciki, muka nufi tasha. Sammakon banza muka yi, don direba ya ce hanyar Jibiya a zamanin nan ba ya hawanta sai rana ta fito ya ga fuskar kowa.

Sunansa Isuhu, mutumin Maraɗi ne mazaunin Jibiya, siriri kamar an zana shi da fensir. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wuri biyu za ka biya, ko mu ɗaure tumbin ga bisa mota tare da buhuna?"

Na ce, "Tumbin nan ya girme ka, yaro. Durƙusa ka gaishe shi."

Nan muka ƙulla abota, ya ba ni gidan gaba.

A hanya na ga Ramlatu sai duban waya take tana motsa baki. Na tambaye ta ko lazimi take ja. Ta ce a'a, darasi take shiryawa. Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta dalla-dalla ba. Lokacin da aka fara ruwan wuta a garin da take karatu, tsohuwar da take haya a gidanta, mai suna Halina, ita ta ja ta zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suke ajiye dankali. Can suka zauna tare har aka sami jirgin ƙasa. Tsohuwar ta sa mata rigar sanyin mijinta marigayi, ta raka ta tasha da ƙafa. Yanzu ita ma Halina gudun hijira take a wata ƙasa mai jin Turanci, ita da ɗiyarta Oksana, cikin ɗaki guda a masaukin 'yan gudun hijira. Washegari za a yi wa Oksana tambayoyin ɗaukar aiki a wani otel, wurin tarbar mutane. In ta samu, za su iya kama gidan kansu.

"Ni nake koya mata Turanci ta waya, Kawu. Kowane darasi kalma guda muke ɗauka, in bayyana mata da harshensu. Na yau shi ne na ƙarshe, da la'asar. Na yi mata alkawari."

"Wace kalma ce ta yau?"

"Guest. Baƙo ke nan."

Na ce ai wannan ko ni na iya koyar da ita, tunda duk gidan da aka dafa nama a Katsina ni ne baƙonsa.

Shingayen jami'ai kuwa na ƙirga har yatsun hannuna suka ƙare, na koma na ƙafa, na fara aron na Isuhu. Amma kowa ya leƙo sai ya yi mana fatan sauka lafiya.

Jibiya

Da hantsi muka shiga Jibiya. Ni dai garin nan yana burge ni kullum. Manyan motoci sun yi layi da masara da wake, raguna na kuka a kan babur, 'yan dako na gudu da buhun da ni ko jinginuwa da shi na yi sai na huta. Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, ƙosan da guda ɗaya zai iya toshe bakin rijiya. Na ci bakwai don kada mai suyar ta ji haushi. Isuhu ya yarda mu ɗauke shi shata zuwa Farfaru.

Farfaru

Gero ya yi kai a gonaki, ko'ina kore shar. Inna muka tarar a tsakar gida tana tsince wake. Ta haura tamanin, amma har gobe in ta daka mini tsawa sai na nemi hulata. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka shiga gaisuwa, maƙwabta na shigowa ɗaya bayan ɗaya don ganin Likita.

Sai da aka yi azahar Ramlatu ta duba waya, fuskarta ta canza. Babu sabis ko ɗigo. Aka ce ai iskar ruwan makon jiya ta taɓa ƙarfen sabis, tun ranar wayoyin gari suka yi shiru. Yarinyar nan ta zaga bayan gida da waya a sama, ta hau turmi, ta hau katanga. Ni ma na ba da gudummawa, na ɗaga wayar na yi mata kirari, ba ta kula ni ba.

Inna ta ce, "Ke Likita, mi kike nema bisa katangar mutane?"

Ramlatu ta sauko ta yi mata bayani, idonta ya ciko. Ta ce in ba ta kira ba, Oksana za ta zauna tana jira, ga tsoro ya riga ya cika mata ciki.

Inna ta ajiye faifai. "Ɗiyar matar da ta ɓoye ki cikin rami?"

"Ita, Inna."

"Uwar tana nan kusa da ita? Ana ganin mutum cikin abin nan?"

"Ana gani."

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki, muka ji buɗe-buɗen kwanoni, ta fito da mayafinta na zuwa biki da ƙullin kaya a hannu. Na ce, "Inna, ƙafarki fa?" Ta ce, "Ƙafata ta ɗauke ka wata tara, kuma tun a ciki ba ka da sauƙin ɗauka. Kira mai motar."

Magama

A Jibiya sabis ɗin ya dawo, amma irin na marar lafiya: rubutu ya tafi, hoto ya ƙi. Wayar kuma duk neman da ta sha ya cinye mata caji. Isuhu ya leƙa ya ce, "Wanga rezo, sabis ɗin naku, ba shi kai ku ko'ina. Ku taho mu tsallaka iyaka, na wajenmu ya hi ƙarhi. Ina da layin can."

Haka mutanen bakin iyaka suke yi ashe. Kowa da layi biyu a aljihu, in na gida ya yi nauyi a jawo na maƙwabta. Muka bar mota a Magama, bakin iyaka, muka nuna katin shaida, jami'in ya gaida Inna da hannu biyu. Muka hau kabu-kabu, wato acaɓan can. Inna ta zauna daram kamar a kan gadonta. Nawa babur ɗin kuwa tun da na hau yake salati, har muka sauka bai daina ba.

Isuhu ya kai mu rumfar wani mai shayi ɗan garinsu, inda 'yan dako ke hutawa. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma. Aka sa layin Isuhu a wayar Ramlatu, sanduna suka miƙe cif. Mai shayi ya kawo wayoyin caji har kala uku, babu wadda bakinta ya shiga. Ramlatu ta ce abin da ya rage ba zai kai mu ƙarshen darasi ba, sai a yi sauri.

Muna idar da la'asar ta kira. Sai ga Oksana cikin wayar, mace fara sol mai kimanin shekara arba'in, ta ƙanƙame biro da hannu biyu. A bayanta tsohuwa Halina ce da ɗankwali ɗaure a haɓa.

Jama'a, na sha ganin malamai, amma ban taɓa ganin irin ɗiyar nan tamu ba. Harshen mutanen nan take zubawa kamar a can aka yanke mata cibiya, ta juya Turanci, ta waiwayo ta fassara mana da Hausa don kada a bar mu a baya. Ta ce da harshensu baƙo hist ne, kuma kamar mu, wanda ya zo gidanka suke nufi. Bature kuwa ya faɗaɗa tasa kalmar. Wanda ka gayyata biki guest ne. Wanda aka kira gidan rediyo ya yi bayani guest ne. Babban baƙo a taro guest of honour. Ƙaramin masauki guest house. In mutum ya nemi aron kujerarka ka ce masa be my guest, bismilla kawai ka yi masa. Sannan babban abin da ya shafi gobe: wanda ya kama ɗaki a otel, ko da kuɗinsa ya biya, ba a kiransa mai ciniki a gaban masu otel. Guest ne shi ma.

Wani ɗan dako ya ce, "To mu da ke kwana tasha, mi muke?" Isuhu ya ce, "Kai kaya ne, ba a sauke ka ba tukuna."

Daga nan Ramlatu ta ce a gwada. Ni ne zan zama baƙon otel mai fushi, Oksana ta tarbe ni. Na gyara hula, na tattaro Turancin da na baro a aji uku na sakandare, na buga tebur. Na ce ɗakin da aka ba ni sauro ya ɗaga ni sama ya sake ni, famfo kuma tari yake yi maimakon ruwa. Rumfa ta kwashe da dariya. Oksana kuwa ta daskare. Ta buɗe baki, kalma ta ƙi fita. Aka sake, ta fara, ta sarƙe, ta rufe fuska da hannu. Ramlatu ta dubi cajin, ta dube ni. Na ji kunyar buga teburin.

A nan Inna ta ce, "Dakata."

"Inna, caji zai ƙare."

"Ya ƙare. Tun ɗazu mutanen nan suka iso, wa ya ba su ruwa? Kun tsare baiwar Allah da tambaya ko zama ba ta yi ba. Haka na koya muku?"

Ta sa mai shayi ya ɗauraye kwanon sha, ya cika shi daga randa. Ta karɓa da hannu biyu, ta matso gaban wayar da ke jingine da gwangwanin madara, ta miƙa. "Sannunku da zuwa. Ki ce wa tsohuwar, ni ce kakar yarinyar da ta ɓoye. Ba ni da abin biyanta. Ga ruwa."

Ramlatu ta fassara. Tsohuwa Halina ta matso har hancinta ya cika wayar, ta yi magana, sannan ta ɓace. Muka ɗauka layi ne ya yanke. Sai ga ta ta dawo ɗauke da burodi guda a kan wani farin ƙyalle mai jan ɗinki, da ɗan gishiri a samansa, ta miƙo mana tana sunkuyar da kai. Ramlatu ta ce haka suke tarbar baƙo mai daraja a ƙasarsu, kuma ƙyallen yana cikin 'yan abubuwan da ta iya fitowa da su daga gida.

Tsofaffi biyu, ɗaya da ruwa, ɗaya da burodi, kowa na miƙa wa ɗaya, babu mai iya karɓa. Can Inna ta juyo ta ce mini, "Kai da ka ce kai ne baƙo, sha musu." Na shanye kwanon tas a madadin mutanen Yukren gaba ɗaya. Na kuma nuna burodin na shafa tumbi, na ce a tambaya ko akwai hanyar turo shi ta layin Isuhu.

Oksana ta yi dariya har da hawaye. Ta ajiye biron, ta gyara zama, ta ce a sake. Na sake kawo ƙarar sauro, har na ƙara da cewa wani ya tafi da hulata. Wannan karon ta yi murmushi, ta yi mini barka da zuwa, ta ba ni haƙuri, ta ce ni baƙonsu ne kuma za ta canza mini ɗaki yanzu. Tana cikin tambayata ko a kai mini shayi, wayar ta ɗauke ɗif.

Inna ta kwance ƙullinta. Dakuwa ce da kilishi da ƙuli-ƙuli. Ta ce baƙo ba ya tafiya hannu sake, in san yadda zan yi su isa. Na ce, "Inna, teku ne fa tsakaninmu." Ta ce, "Da mai sauƙi ne ai da ban ba ka ba."

Komawa gida

Muka tsallako da sauran rana, muka kwana a Jibiya gidan Isuhu, inda maiɗakinsa ta yi mana tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Da safe muka mayar da Inna Farfaru, muka kamo hanya. Ramlatu sai duban wayar da ke kan cinyarta take har muka wuce shingaye.

Muna shiga Katsina bayan azahar saƙon murya ya shigo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji tsohuwa Halina na kuka a baya, na ga Ramlatu ta kifa kai a kan kujerar gaba. An ɗauki Oksana aiki. Ta ce a gaya wa Kawu ɗakinsa na nan, babu sauro.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Isuhu da layinsa, da mai shayin da ya ƙi karɓar ko sisi, da babur ɗin da ya ɗauke ni bai kai ƙara ba. Ƙullin Inna kuwa Ramlatu ta samo wata abokiyar karatunta da za ta tafi can ƙarshen wata. Kafin nan yana saman kabad ɗina, na kulle ɗakin, na ba maiɗakina makullin, na ce ko kuka ta ji ina yi kada ta ba ni.