Masarar da muka noma wa na'ura

Shekarun baya, ƙanwata da ke koyarwa a jami'a ta zo ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Bakori, da wata magana. Wai masu ba da tallafi sun yarda za su saya wa ɗakin bincikensu na'ura, amma sai an kafa sola, don na'urar ba ta jure ɗauke wuta.

Na ce, "Na'urar mece ce?"

Ta ce, "Yaya, ta binciken sikila ce. Tana nuna yadda magani ke kama wani sinadari a cikin jini, ko ya riƙe da ƙarfi ko sako-sako."

Na gyaɗa kai irin na manya, alhali ko ɗaya ban gane ba. To amma ni ne babban wa, ga shi ana jin maganata a gari, sai na kira gayya. Muka ware gonar marigayi babanmu, 'yan coci da 'yan masallaci kowa ya fito da fartanyarsa, aka noma masarar da za a sayar a sayi sola. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Na'urar sikila ce." Iyakar sanina ke nan.

Wadda ta fi kowa zafin nama ita ce maƙwabciyarmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya budurwa mai sikila, wadda duk damina sai ta kwanta tana kukan ƙashi. Matar nan ita ce dama wa 'yan gayya kunu, ita ce ɓarar masara, har akuyarta ta sayar ta ƙara.

Aka kai masara Funtuwa, aka kafa sola, na'ura ta iso, aka gayyace mu gani. Ina zuwa tasha sai ga maƙwabciyar da 'yarta, da tabarma da filas da ƙullin kaya, irin shirin kwanciya asibiti. Na so in tsayar da su. Sai kuma na ce a raina, wa ya sani, ƙila shiga cikin na'urar ake yi.

Ashe wani farin akwati ne, bai fi firizar masu sayar da ƙanƙara ba. Na zagaya shi ina neman ƙofa, babu. Aka ɗiga masa wani ruwa, wani layi ya haura a kwamfuta, malamai suka hau tafi. Ni ma na tafa, ban san murnar me ake yi ba.

Maƙwabciyar ta dubi ƙanwata ta ce, "Likita, ta ina za a sa ta?"

Ƙanwata ta yi mini wani kallo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ba ta warkar da mutum. Maganin muke nema da ita, kuma zai ɗauki shekaru."

"Shekaru nawa?"

"Allah kaɗai ya sani, Inna."

Can sai yarinyar ta ce, "Anti, da me na'urar take aiki?" Ƙanwata ta ce da jinin masu ciwon, waɗanda suka yarda suka bayar. Yarinyar ta miƙa hannu ta ce, "To ni na yarda." Aka kai ta asibiti aka ɗiba, muka dawo gida da tabarmar a naɗe.

Yarinyar ba ta yi nisan kwana ba bayan nan. Na yi kuka ƙwarai.

Har yau in aka tambaye ni ko gayyar ta yi amfani, rasa amsa nake yi. Ƙanwata ta sha yi mini bayanin aikin, in ji kamar na kama, da na miƙe ya zube. Uwar kuwa ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Duk zuwan ƙanwata gida, takan leƙo ta katanga ta ce, "Likita, an dace?"

"Tukuna, Inna."

"To, ku yi ta gwadawa. Allah ya sa 'yar wani ta riska."